Ƙa'idojin WCAG

WCAG jerin ƙa'idoji ne na ƙasa da ƙasa da ke bayyana yadda za a tsara shafukan intanet, takardun kwamfuta, sauti da bidiyo domin masu buƙata ta musamman su iya amfani da su. Sun shafi makafi, masu raunin gani, kurame, masu larurar hannu da masu wahalar fahimtar rubutu. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a shekarar 1994, ita ce ke fitar da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kusan kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, na rayuwa da nakasa mai tsanani.

Tarihi

An fitar da WCAG 1.0 a watan Mayun 1999. WCAG 2.0 ya biyo baya a Disambar 2008, kuma hukumar ISO ta amince da shi a 2012. WCAG 2.1 na 2018 ya ƙara ƙa'idoji kan wayar hannu da masu raunin gani, sai WCAG 2.2 da ya fito a Oktoban 2023.

Ginshiƙai

Ƙa'idojin sun tsaya ne a kan ginshiƙai huɗu: a iya ganin abu ko jinsa, a iya sarrafa shi, a iya fahimtarsa, sannan ya yi aiki da na'urori daban-daban.

Makaho kan yi amfani da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya, kamar NVDA, JAWS, VoiceOver ko TalkBack. Irin wannan manhaja rubutu take karantawa, shi ya sa ake buƙatar kowane hoto mai ma'ana ya zo da ɗan rubutun da ke bayyana shi. Takardar PDF da aka ɗauki hotonta kawai ba ta karantuwa, ko da sanarwar ɗaukar aiki ce ko sakamakon jarrabawa. Haka kuma ana son bidiyo ya zo da rubutun abin da ake faɗa saboda kurame, kuma a iya kewaya shafi da madannai kaɗai ba tare da linzami ba. An kuma hana abin da ke walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa ɗaya, domin yana iya tayar da farfaɗiya.

Matakai da doka

Akwai matakai uku: A, AA da AAA. Matakin AA ne akasarin dokoki ke nema. A ƙarƙashinsa dole launin rubutu ya bambanta sosai da na bango, kuma a iya ƙara girman rubutu zuwa kashi 200 ba tare da wani abu ya ɓace ba. A 2017 Amurka ta shigar da WCAG 2.0 cikin dokokin Sashe na 508 da suka shafi hukumomin gwamnatin tarayya. Tarayyar Turai ma ta wajabta wa shafukan hukumomin gwamnati bin ƙa'idojin da aka gina a kan WCAG.