Zafin da ke Ƙarƙashin Gareji

Fataken Hausawa da suka yi zango a Wagadugu a kan hanyar Gwanja, har unguwar Zangouettin ta kafu kafin aikin sabunta tsakiyar birni na ZACA ya rushe ta a 2003, sun yi mu'amala da kayan da ƙasa ta sani: goro, fata, kanwa, kashin jakuna. Duk abin da ya zube, damina ɗaya ta ishe shi. Daga nan aka gaji tunanin cewa ƙasa na cinye komai, kuma tunanin bai sauya ba ko da haja ta sauya. Tun 1985, zamanin Thomas Sankara, kamfanin SONABHY ne ke shigo da man fetur Burkina Faso, yana tara shi a ma'ajiyar Bingo. Daga can man ke bazuwa gidajen mai, ya gangaro kwalaben 'yan bumburutu da garejin babura na Larle da Zongo, inda bakanike ke juye baƙin mai a gindin katanga, ya rufe da yashi.

Bakaniken bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin ƙasa na cin mai. An tabbatar da haka a Bemidji ta jihar Minnesota a Amurka, inda bututu ya fashe a 1979, ɗanyen mai ya nutse, masu binciken USGS, hukumar nazarin ƙasa ta Amurka, suka zauna a kansa tun 1983. Sun gano cewa ƙwayoyin bakteriya na ruɓar da man a can ƙasa inda babu iska, su fitar da iskar metan. Metan ɗin na tasowa sama, wasu ƙwayoyin su cinye shi da oksijin, sai zafi ya fita. Mai daddawa ta san wannan: idan ta sa hannu cikin kalwar da ta rufe ta ji ɗumi, ta san aiki na tafiya. Abin da biyu daga cikin masu binciken, Ean Warren da Barbara Bekins, suka wallafa a 2015 shi ne mayar da wannan hannu ma'auni. Ana jera na'urorin auna zafi a rami daga sama zuwa ƙasa, a lissafa yawan man da ke ƙarewa daga yawan zafin da ke fita.

Wani zai ce a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙarin digiri biyu ko uku da ruɓewar man ke haifarwa zai ɓace. Tambaya ce mai ma'ana, amma zafin rana bai cika wuce mita ɗaya ba kafin ya lafa, na shekara kuwa yana zagayowa a tsare. Shi ya sa ake haƙa rami na biyu a wuri mai tsabta, a debe wannan daga wancan. Wahalar gaske a unguwa mai cunkoso ita ce samun wurin mai tsabta, tun da masai da juji su ma suna fitar da nasu ɗumin.

Suka mafi nauyi ita ce wannan ilimi zai zama mafakar mai laifi, ya ce a bar ƙasa ta yi aikinta. Ni kuwa ina ganin akasin haka, domin ma'aunin na faɗin saurin cin, kuma saurin ba abin alfahari ba ne. Har yau akwai mai a ƙarƙashin Bemidji, bayan sama da shekara 40. A ƙasar Ogoni ta Najeriya, rahoton 2011 na UNEP, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sami sinadarin benzin a ruwan rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, ya kuma ƙiyasta shekara 25 zuwa 30 kafin a gyara. Baƙin man inji ma ya fi fetur taurin kai, ga shi ɗauke da ƙarafan da babu ƙwayar da ke cinsu, kuma rijiyar maƙwabcin gareji daga wannan ƙasar take tsatso.