Hausar Littafi Da Hausar Gida: Tarihin Alhaji Abubakar Imam

Wani mai saurarenmu daga Kuki ta ƙasar Dutsin-Ma ya aiko da takarda, ya ce yaronsa ya dawo daga makaranta yana yi masa gyara: wai ba a cewa "tahi" sai "tafi", ba a cewa "ɗiya" sai "'ya". Yana tambaya, shin wa ya kafa wannan Hausa ta littafi? Kuma tasu ta gida kuskure ce?

To, malam, amsar tana cikin tarihin wani malami kuma ɗan siyasa, Alhaji Abubakar Imam. An haife shi a Kagara a 1911. Ya yi Kwalejin Katsina, ya fita a 1932 ya kama koyarwa a Midil ta Katsina. Ka ga kenan kunnensa ya sha Katsinanci. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar rubutu, littafinsa Ruwan Bagaja ya shiga cikin waɗanda suka yi nasara. Daga nan Dokta Rupert East ya jawo shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce. A 1939 ya zama editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Nan fa aiki ya taso. Jarida ɗaya ce, amma Basakkwace zai karanta, Bakatsine da Bazazzagi su karanta. Dole a tsai da rubutu guda, sai aka fi jingina da Kananci. Dalilin kenan, ba don sauran sun gaza ba. Ai ko ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara kalmomin Katsina da na Sakkwato, ya sa wa kowace alamar garinta. Ita ma ƙa'idar canzawa take yi: a tsofaffin bugu za ka ga "matassa", yau kuwa "matarsa" ake rubutawa.

Alƙalamin nan ne ya kai Imam siyasa. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Dokta Azikiwe. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma a 1951 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Ikko. Allah ya yi masa rasuwa a 1981.

Saboda haka, malam, kada ka hana yaro Hausar littafi, don da ita zai ci jarrabawa, ya rubuta takardar neman aiki. Amma ka gaya masa "tahi" ba kuskure ba ne, karin harshen kakanninsa ne. In ya raina shi, gobe ya shiga kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi ya zama baƙo a gidansu.

Allah ya jiƙan Imam. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.