Akwati Mai Ƙafa Uku

A gindin wata dalbejiya kusa da gidan waya a Kano aka fara ɗaukata hoton fasfo, shekarar da zan shiga sakandare. Mai hoton ya zaunar da ni kan benci, ya kama haɓata ya ɗaga. Kyamararsa akwatin katako ce mai ƙafa uku. Ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya daidaita, ya fito ya ce, "Yaro, kar ka ƙifta." Ya cire murfin gaba, ya ƙirga a ransa, ya mayar. Sai ya zura hannu ta wani hannun riga da aka ɗinke a jikin akwatin, yana wankin hoton a ciki da lalube.

Abin da ya fara fitowa ya tsorata ni: fuskata fari fat, farar rigata baƙa ƙirin. Wannan takardar ya kafa a gaban akwatin ya sake ɗauka, sannan na fito mutum. Ya ɗauraye a bokiti, ya datse da almakashi, ya miƙo min da danshinsa.

Liƙa hoto a fasfo ba tsohuwar al'ada ba ce. Tsoron 'yan leƙen asiri a Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kawo ta: Amurka ta wajabta a ƙarshen 1914, Ingila ta biyo a 1915. Da farko ba wata ƙa'ida, har akan karɓi hoton mutum tare da iyalinsa. A wajenmu kuwa, ina ganin aikin Hajji ne ya karya ƙyamar hoto. Dattijon da ke cewa hoto haramun ne, in kujerar Makka ta samu, da ƙafarsa yake zuwa ya zauna kan bencin nan, yana istigfari.

Situdiyo da hoto mai kala suka kori akwatin. Tun 2007 da Najeriya ta fito da fasfo mai na'ura, a ofishin shige da fice ake ɗaukar hoton, haɗe da zanen yatsu. Bango fari, ba murmushi, ba tabarau. Mai hijabi ta buɗe daga goshi zuwa haɓa. Kwamfuta ake yi wa hoton, shi ya sa ban taɓa jin wanda ya yaba nasa ba.

Bara na bi ta wajen gidan wayar. Dalbejiyar na nan, mai POS ne zaune a inuwarta.