Zaman Taimakon Juna Don Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Ma'anarsa, Amfaninsa Da Ƙa'idojinsa

Mene ne zaman taimakon juna?

Zaman taimakon juna haɗuwa ce ta mutanen da jarrabawa iri ɗaya ta shafa, kamar waɗanda suka rasa 'yan uwa a harin 'yan bindiga, ko waɗanda aka yi garkuwa da su suka dawo, ko matan da suka bar ƙauyukansu suna gudun hijira. Suna zama a kai a kai, kowa ya faɗi abin da ke damunsa, ya kuma ji yadda wasu suke fama da nasu. Wanda yake jagorantar zaman ba sai likita ba, galibi ɗaya daga cikinsu ne da aka ba shi horo.

Tsarin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Zaman makoki, adashe da majalisar ƙofar gida duk suna rage wa mutum kaɗaici. Bambancin shi ne wannan zama yana da manufa da lokaci da dokoki.

Me ya sa ake buƙatarsa?

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 5 da ke zaune a yankin rikici yana da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa, fargaba ko firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. A Shinkafi, Zurmi, Kaura Namoda da garuruwa irin su Katuru, shekarun hare-hare sun bar mutane da rashin barci, mafarkin abin da ya faru, razana da jin ƙarar babur, saurin fushi da ciwon jiki wanda gwaji ba ya nuna dalilinsa. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma kaɗan ne, hanyar zuwa wurinsu tana da nisa da haɗari.

Yadda yake taimakawa

Mai irin wannan damuwa yakan ɗauka shi kaɗai ne, ko ya ji tsoron a ce ya haukace ko imaninsa ya yi rauni. Idan ya ji wani ya bayyana alamomin da shi ma yake ji, kunya takan ragu, ya gane cewa ciwo ne da ake magancewa. Yana kuma koyon dabaru daga wasu: numfashi a hankali lokacin faɗuwar gaba, tsara lokacin barci, komawa sana'a da ibada cikin jama'a.

A Zimbabwe, shirin Friendship Bench da Dakta Dixon Chibanda ya fara a Harare a 2006 ya horar da tsofaffin mata su riƙa sauraron masu damuwa, daga nan a haɗa su cikin rukuni. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna alamomin damuwa sun ragu sosai ga waɗanda suka shiga.

Ƙa'idojin kafa zaman

1. Mutum 6 zuwa 12 sun isa, don kowa ya samu damar magana.
2. A ware na mata daban, na maza daban, musamman idan akwai batun fyaɗe.
3. A tsayar da rana da wuri, misali sau ɗaya a mako a ajin Islamiyya ko ɗakin asibiti, da rana, a tashi kafin magariba.
4. Riƙon amana shi ne ginshiƙi. Abin da aka faɗa a zaman ba ya fita. A yankin da ake tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto, kada a ambaci sunaye, kuɗin fansa ko inda wani ya ajiye dukiyarsa, kada kuma a naɗi murya a waya.
5. Ba a tilasta wa kowa ba da labari. Matsa wa mutum ya maimaita abin da ya gani dalla-dalla na iya tayar masa da ciwon.
6. Ba zargi, ba gori, ba katse mai magana.
7. Kada a ba juna magani. Tramadol da ƙwayoyin sa barci suna jawo jaraba, su ƙara dagula matsalar.

Yaushe za a je asibiti?

Zaman taimakon juna ba ya maye gurbin likita. A kai mutum asibiti nan take idan yana maganar kashe kansa ko cutar da wani, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya daina ci da sha, ko mai jego ta kasa kula da jaririnta. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma ɗauke maganin ƙwari da makami daga kusa da shi. Wadda aka yi wa fyaɗe ta je asibiti cikin awa 72 don samun maganin kariya daga cutar ƙanjamau.

Ana iya farawa da babban asibitin Shinkafi, Zurmi ko Kaura Namoda. Idan ana buƙatar ƙwararru, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare mai wannan lalura daga wariya da wulaƙanci, don haka ɗaure shi da mari ko dukansa ba magani ba ne.