Tassa: Yadda Manoman Nijar Ke Raya Fako da Ruwan Sama

Tassa ƙananan ramuka ne da manomi ke haƙawa a gona domin tare ruwan sama a inda ya sauka. An fi saninta a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A Burkina Faso kuwa, inda ta fara shahara, zai ake ce mata. Muna kawo bayaninta ne saboda fakon da ya cinye gonaki a can yana cinye namu.

Fako ƙasa ce da zaizaya da zafin rana suka daskarar. Idan an yi ruwa ba ya shiga cikinta, sai ya kwarara ya kwashe ɗan takin da ya rage. Bayan farin shekarun 1973 da 1984, gonaki masu yawa a Sahel sun koma haka. Marigayi Yakuba Sawadogo, manomi a yankin Yatenga, yana cikin waɗanda suka inganta tsohuwar dabarar, ya faɗaɗa ramin ya kuma zuba masa taki. A 1989 wasu manoman Illela suka ziyarci Yatenga, suka dawo suka gwada, maƙwabta suka gani suka ɗauka.

Ana haƙa ramin da rani, faɗinsa kamar santimita 20 zuwa 40, zurfinsa 10 zuwa 20, tsakanin rami da rami kusan taku guda. Ƙasar da aka fitar ana tara ta a gefen gangare domin ta tare ruwa. Sai a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu. Takin yana jawo gara, ita kuma tana huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar nutsewa zuwa saiwa. Idan damina ta sauka, sai a shuka gero ko dawa a cikin ramin. Hekta guda tana ɗaukar rami dubu goma ko fiye, don haka aikin yana son gayya. 'Yar'uwarta ita ce rabin wata, wadda ta fi faɗi, ana yin ta don itatuwa da ciyawar dabbobi.

Tassa ba ta dace da jigawa ba, domin rairayi yana cike ramin, haka kuma a fadama ruwa yana kwanciya ya ruɓar da shuka.

Akwai mas'alar da ɗalibai ya kamata su lura da ita. Da tassa ta yaɗu a Illela, fakon da aka yi watsi da shi ya yi daraja har ana saye da sayarwa. Malaman fiƙihu sun yi babi a kan raya matacciyar ƙasa, wato Ihya'ul Mawat, amma hukuncin yana kan ƙasar da ba ta da mai ita. A mazhabar Malikiyya, wadda ke kusa da gari sai da izinin shugaba. Saboda haka gonar gado ko ta maraya ba ta zama halal ga wani don ya haƙa mata ramuka. A nemi mai ita, a yi aro ko haya ko ciniki a gaban shaidu, a rubuta, sannan a ɗauki diga.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.