Wa ke shata filaye a Anka, Gummi da Bukkuyum?

1/ 'Yan uwa, tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa filaye a hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon raba na karkara. To, wa ya shata inda gona ta ƙare, gari ya fara?

2/ A 2010 muka ɗanɗana kuɗarmu. Cikin gidaje ake niƙa dutsen zinari a Bagega, Dareta da Yargalma. Gubar dalma ta kashe yara sama da 400.

3/ A 2024 kuma ambaliya ta cinye gidaje a Gummi. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

4/ Fadama ta noma ce, burtali na shanu ne, maniƙa sai bayan gari. Ku tambayi ciyaman ɗinku: ina taswirar filayenmu?