Daga Diyarbakir zuwa Imrali: Nazarin Yajin Cin Abincin Fursunoni Kurdawa a Turkiyya, 1982 zuwa 2019

Tsakure

Maƙalar nan ta nazarci yajin cin abinci guda uku da fursunoni Kurdawa suka yi a gidajen yarin Turkiyya, a 1982 da 2012 da kuma 2018 zuwa 2019. Ta dogara ne ga hukunce-hukuncen Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da bayanan tsofaffin fursunoni. An gano cewa buƙatun masu yajin sun tashi daga neman sauƙi ga duk wanda ke tsare, sun koma neman a buɗe ƙofar mutum guda, kuma galibin abin da gwamnati ke bayarwa a ƙarshe alfarma ce da take iya janyewa duk ranar da ta ga dama.

Gabatarwa

Fitaccen aikin da aka yi kan yajin cin abinci a Turkiyya shi ne littafin Banu Bargu mai suna Starve and Immolate, na 2014. Sai dai hankalinsa ya fi karkata ga 'yan gurguzun da suka yi yajin 2000 zuwa 2007 don ƙin a kai su sababbin gidajen yari masu ƙananan ɗakuna. Na Kurdawa yana da nasa tarihin, domin a cikinsa maganar azabtarwa a cakuɗe take da maganar harshe da ta shugabanci. Tambayar da maƙalar ta sa gaba ita ce: me masu yajin suka nema a kowane karo, kuma me ya shigo hannunsu?

Gidan Yari na 5

Bayan juyin mulkin da Janar Kenan Evren ya jagoranta ranar 12 ga Satumba, 1980, sojoji suka cika Gidan Yari na 5 da ke Diyarbakir da Kurdawa, daga 'yan ƙungiyar PKK, wadda aka kafa a 1978, har zuwa zaɓaɓɓen magajin garin, Mehdi Zana. Jami'in da ke riƙe da tsaron cikin gidan, Kyaftin Esat Oktay Yildiran, bai tsaya ga duka da wulaƙanci ba. Ana tilasta wa fursunoni haddace waƙoƙin soja, kuma ranar ziyara ba a yarda a furta ko kalma ɗaya ta Kurdanci ba. Uwar da ta taso daga ƙauye ba ta jin Turkanci sai ta kalli ɗanta, shi ma ya kalle ta, har lokaci ya cika. Gultan Kishanak, wadda daga baya ta zama magajiyar garin Diyarbakir a 2014, ta ba da labarin yadda aka ajiye ta wata shida a ɗakin karen kyaftin ɗin saboda ta ƙi cewa ita Baturkiya ce.

A wannan yanayi ne Mazlum Dogan ya kashe kansa ranar 21 ga Maris, 1982, ranar bikin Newroz. A watan Mayu wasu huɗu suka cinna wa kansu wuta. Ranar 14 ga Yuli, Mehmet Hayri Durmush ya miƙe a gaban kotu ya sanar da cewa ya daina cin abinci har mutuwa. Kafin ƙarshen Satumba shi da Kemal Pir da Akif Yilmaz da Ali Chichek duk sun rasu. Buƙatunsu ba su wuce bangon gidan ba: a daina azabtarwa, a daina tilasta wa mutum yin tuba, a bar shi ya kare kansa a kotu a matsayin ɗan siyasa.

Idan da buƙatun za a auna, abin da aka samu kaɗan ne, domin a 1983 ma sai aka kafa doka mai lamba 2932 wadda ta haramta wallafa da yaɗa ra'ayi da Kurdanci, ba a kuma soke ta ba sai 1991. Amma tura ta kai bango. Da yawa daga waɗanda suka fito daga gidan sun nufi duwatsu, kuma shekara biyu bayan yajin, ranar 15 ga Agusta, 1984, PKK ta fara kai hari da makami.

Sauyin buƙata

An kama Abdullah Ocalan, shugaban PKK, a Nairobi cikin Fabrairun 1999, aka kai shi tsibirin Imrali, inda ya shafe shekara goma shi kaɗai ne fursuna. Daga nan alƙiblar yaji ta juya. Na 2012 ya fara ne ranar 12 ga Satumba, ranar da aka zaɓa da gangan don ita ce ranar juyin mulkin 1980, ya haɗa fursunoni kusan 700, ya kai kwana 68. Sun nemi a kawo ƙarshen killace Ocalan, a koyar da yara da Kurdanci, a kuma bar wanda ake tuhuma ya yi magana da harshensa a kotu. Saƙon Ocalan ta bakin ƙaninsa Mehmet ne ya tsayar da yajin. A Janairun 2013 majalisa ta amince da kare kai da harshen uwa, amma a wasu matakan shari'a kawai, kuma wanda ake tuhuma ne zai biya tafinta. Tattaunawar sulhun da ta biyo baya ta rushe a Yulin 2015.

Tsawon kwanakin yana buƙatar bayani. Masu yajin zamanin nan suna shan ruwa da sukari da gishiri, suna kuma haɗiyar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa daga lalacewar da ta nakasa ɗaruruwan masu yajin 2000. Wannan ne ya sa 'yar majalisa Leyla Guven ta iya kaiwa kwana 200, daga Nuwamban 2018 zuwa 26 ga Mayu, 2019, alhali Bobby Sands na Ireland ta Arewa ya rasu a kwana na 66 a 1981. Dubban fursunoni sun bi bayanta, wasu sun kashe kansu, buƙatar kuwa ɗaya tak: lauyoyi da dangi su ga Ocalan. Ranar 2 ga Mayu, 2019, lauyoyinsa suka shiga Imrali, karon farko tun Yulin 2011.

Tattaunawa

Ana iya kiran wannan nasara, magoya bayan yajin ma haka suka kira ta. A ganin wannan nazari, nasarar ba ta da saiwa. Bayan Agustan 2019 aka sake toshe wa lauyoyi hanya, kuma daga Maris 2021 zuwa Oktoban 2024 ba wanda ya ji ɗuriyar Ocalan daga waje. Ƙofar ta buɗe ne washegarin jawabin Devlet Bahcheli, jagoran 'yan kishin Turkawa kuma abokin ƙawancen Shugaba Erdogan, wanda ya yi tayin a sassauta wa Ocalan idan ya rushe ƙungiyarsa. Ba wanda ya yi yaji a gabanin haka da ya kai na 2019 girma. Ziyarar da doka ta ba kowane fursuna ta zama abin ciniki, gwamnati na buɗewa da rufewa gwargwadon buƙatarta. Tun 18 ga Maris, 2014 Kotun Turai ta yanke cewa ɗaurin rai da rai marar fatar sake dubawa da aka yi wa Ocalan ya saɓa wa sashe na 3 na yarjejeniyar Turai, amma sama da shekara goma suka wuce Turkiyya ba ta gyara dokar ba.

Akwai kuma asarar da ba a cika ambata ba. Da buƙata ta taru a kan mutum guda, ikon tsayar da yaji ma ya koma hannunsa, halin fursunan da ba shi da suna kuwa ya koma gefe. Aysel Tugluk, tsohuwar 'yar majalisa, ta daɗe a tsare da ciwon gushewar tunani kafin a sake ta a Oktoban 2022. Tun farkon 2021 kwamitocin lura da ɗabi'a na gidajen yari suke da ikon ɗage ranar sakin fursuna, kuma sun yi amfani da shi a kan Kurdawan da suka cika shekara 30 a tsare, a wasu lokutan bisa dalilin cewa ba su nuna nadama ba, wato sharaɗin da Durmush da abokansa suka ƙi a 1982.